Dutse, Kufai da Hurumi: Matsayin Wuraren Gado na Ƙasar Magami Cikin Shirin Sauyin Yanayi

1. Gabatarwa

Magami gari ne a kudu da Gusau, bisa hanyar da ta nufi Ɗansadau. Kalmar kanta ginin sunan wuri ce irin na mashigi da masauki da mazauni, an ciro ta daga aikatau gama, watau wurin da abubuwa su ke gamuwa, ko hanyoyi ko ruwaye. A cikin wannan takarda an ɗauki sunan da faɗi, ya haɗa ƙasar da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara, gama tarihinsu ɗaya ne, ruwansu ɗaya ne, kuma wahalar da ke kansu yau iri ɗaya ce.

Abin da za a duba shi ne halin da wuraren gado na wannan ƙasa su ke ciki, watau duwatsu da kufai da ganuwoyi da makabartu da kurame, yanzu da hukumomi su ke tsara ayyukan maganin sauyin yanayi. Maganar a taƙaice ita ce, wurin da ba a rubuta sunansa ba kafin a zana taswirar aiki, mai zanen zai ɗauke shi fili ne kurum. Saboda haka tsaron waɗannan wurare daga suna ya ke farawa, kuma wannan aiki ne da ya faɗo cikin rabon malaman harshe da malaman makarantun horon malamai.

2. Wuraren da a ke magana a kansu

Na farko shi ne dutsen Kwatarkwashi, a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, wanda matafiyi ke hanga daga nesa bisa hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Masana tarihi, musamman Abdullahi Smith a cikin bayaninsa na 1970 kan yadda daulolin Hausa suka kafu, sun nuna cewa irin waɗannan duwatsu, kamar Dala a Kano da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, su ne suka fara jawo mutane su zauna wuri ɗaya. Dalilan a fili su ke. Dutse mafaka ne ran yaƙi. Ruwan da ya zubo daga kansa ya kan taru a gindinsa, ƙasar wurin ta yi albarka. Sa'an nan mutanen dā sun ɗauka mazaunin iskoki ne. Kwatarkwashi ta shahara da tsafin Magiro da kuma bikin kamun maiki, kuma sunanta ya kai nesa tun kafin jihadi.

Na biyu shi ne 'Yandoto, kusa da Tsafe. Labarin baka na Katsina ya ce daga nan Korau ya fito, wanda ya karɓi sarautar Katsina daga hannun Sanau. Daga baya garin ya zama mazaunin malamai wanda almajirai ke nufa daga ƙasashe da dama, har lokacin da Muhammadu Bello ya ci shi a farkon shekarun jihadi. Sarautun ƙasar har yau suna ɗauke da wannan tarihi. Sarkin Tsafe 'Yandoto a ke ce masa, na Gusau kuwa Sarkin Katsinan Gusau, gama ƙasar dā ta Katsina ce, kuma Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, mutumin jama'ar Shehu ne daga wannan yanki.

Na uku ba su da suna a littattafai, amma su suka fi yawa. Kusan kowane tsohon gari yana da kufai inda kakanni suka zauna kafin su sauko ko su gusa, da ragowar ganuwa, da tsohuwar makabarta, da wata kuka ko tsamiya wadda ba a sara, da rijiya ko tafkin da ke da ka'idar ɗiba. Fulani makiyaya su ma suna da nasu: burtali, da mashaya, da mashekari inda a ke sauka kowace shekara, da kaburburan iyayensu a cikin daji. In an ce 'yan asalin wuri a wannan ƙasa, to, duk waɗannan a ke nufi, da Katsinawa da Zamfarawa da Maguzawa da Fulani.

3. Abin da yanayi ke yi musu

Tsofaffin ƙasar Hausa ba baƙin fari ba ne. An yi yunwar 1913 zuwa 1914, an yi farin 1972 zuwa 1974, aka sake yin na 1983 zuwa 1984. Bayan waɗannan shekaru ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali dabam. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya dogara ga hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa mai ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, ruwan wata guda ya kan sauko cikin dare ɗaya, sa'an nan a yi kwanaki ba ɗigo.

Ginin ƙasa ba ya jure wa irin wannan ruwa sai da yaɓe kowace shekara. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. In haka ta sami masallacin da ke tsakiyar birni, wanda jama'a ke kula da shi, to, mai karatu ya auna halin ganuwar da ba mai yaɓa ta. Ruwa mai gudu ya kan buɗe kwazazzabo, kwazazzabo kuwa ba ya tambayar ko gona ce ko makabarta. A kufai, ruwan ya kan kwashe saman ƙasa tare da tsingaro da kashin maƙera da sauran alamun da masu tonon tarihi ke karanta zamanin gari da su.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta hannun ruwa kai tsaye ba. Sa'ad da gona ta gaji, mutane kuma suka yi yawa, sai garma ta shiga saura, ta shiga burtali, daga nan ta shiga kufai, gama ƙasar kufai taki gare ta. Sa'ad da itacen wuta ya yi wuya, gatari ya kan kai ga itacen da dā a ke jin tsoronsa.

4. Abin da shirin magani zai iya yi musu

Hukuma ba ta zauna ba. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa hukumarsa da doka a 2015, Zamfara kuwa tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da shirin ya shafa. A 2021 aka sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi ta ƙasa. A ƙarshen wannan shekara Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ayyukan irin waɗannan shirye-shirye sanannu ne: dashen itatuwa, ƙananan madatsun ruwa, toshe kwazazzabai, noman rani, da hanyoyin kai amfanin gona. Dukansu alheri ne, kuma dukansu suna bukatar fili da tsakuwa.

A nan haɗarin ya ke. Injiniya yana neman wurin da ba gida ba gona don ya rage biyan diyya, wurin da ya dace da wannan siffa kuwa sau da yawa kufai ne, ko kurmi, ko tsohuwar makabarta. Mai kwangila yana neman dutsen da zai fasa kusa da aikinsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuma ta abin da aka gina ne ko aka shuka. Wurin da darajarsa ita ce an bar shi yadda ya ke, ba shi da kuɗi a lissafin wannan doka.

Ba sai an je nesa ba a ga misali. An gina madatsar Bakolori bisa gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, tsakanin 1974 da 1978. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki, fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da ke ciyar da su, rigimar diyya kuma ta ƙare da zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Shekara goma kafin wannan, madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ta nutsar da tsohon garin Busa, aka tayar da mutane fiye da 40,000. A Masar an ɗauke ɗakunan Abu Simbel dutse-dutse tsakanin 1964 da 1968 kafin ruwan Aswan ya kai gare su, domin duniya duka ta san sunansu. Bambancin ke nan. Abin da aka sani a kan yi masa shiri, abin da ba a sani ba ruwa ya kan rufe shi ba wanda ya rubuta.

5. Shaidar harshe

Taswirar ofis ta kan raba ƙasa kashi kaɗan: gari, gona, daji, ruwa. Bahaushen ƙauye kuwa yana da kalmomi masu yawa a inda taswira ta ce daji, kowace da hukuncinta. Saura gona ce da aka bari ta huta, tana da mai ita. Fako ƙasa ce mai tauri da ba ta riƙe ruwa. Kufai gari ne da aka tashi, kuma jikokin masu shi sun san kansu. Kurmi itatuwa ne masu duhu, galibi a bakin ruwa. Burtali hanyar dabbobi ce tsakanin gonaki. Fadama ƙasa ce mai damshi da ruwa ke kwanciya. Wanda ya tambayi dagaci ko akwai mai wannan daji, za a iya ce masa babu. Wanda ya tambaya ko saurar wane ce, ko kufan su wane ne, amsa dabam zai samu.

Sunayen garuruwa su ma rajista ce. A ƙasar Tsafe akwai Ceɗiya da Kuncin Kalgo, duka biyu da sunan itace, akwai kuma Kwaren Ganuwa, wanda ya haɗa hanyar ruwa da ginin tsaro a suna ɗaya. A ƙasar Bunguɗu akwai Tofa, sunan ciyawa ce. A ƙasar Gusau akwai Rijiya da Ruwan Ɓore. Irin waɗannan sunaye suna nuna abin da ya ke tsirowa a wurin, da inda ruwa ya ke, a lokacin da aka raɗa su. Mai shirin dashen itatuwa da ya tattara su zai sami jerin itatuwan da ƙasar ta taɓa ɗauka, ba tare da ya yi gwaji ba. Sunayen unguwanni da gonaki da tafkuna sun fi na garuruwa yawa nesa, kuma ba su cikin kowace taswira. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ƙamusun Bargery na 1934 kuma ya adana kalmomin ƙasa masu yawa tare da nuna yankin da a ke faɗinsu, amma sunayen ƙananan wurare suna nan a bakin tsofaffi.

Wuraren da al'ada ta hana taɓawa suna da wani amfani kuma. Kurmin da ba a sara, da makabartar da ba a noma, su ne suka riƙe tsofaffin itatuwa bayan na kewaye sun ƙare: kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, kanya, marke. Daga nan a ke samun iri wanda ya saba da ƙasar. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon su tumɓuke shi, abin da su ke kira sassaben zamani. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya ta kai hekta miliyan 5, gawo kuma shi ne kan gaba. Abin da ya riga ya kafu a ƙasa shi ya yi aikin. Da tsohuwar zuma a ke magani.

6. Wahaloli biyu na wannan ƙasa

Wahala ta farko ta addini ce, kuma ba ta ɓoyuwa. Jama'ar wannan ƙasa Musulmi ne, a Gusau aka ƙaddamar da shari'a a 1999, kuma mutum ba zai so a ce yana kare wurin tsafi ba. Saboda haka in ma'aikaci ya zo da takardar tambaya wadda aka fassara daga Turanci, ya ce a nuna masa wurare masu tsarki ko wuraren bauta na gargajiya, za a ce masa babu, shi kuma ya rubuta babu. Amsar gaskiya ce ta fuskar ibada, amma wurin yana nan, tarihinsa yana nan, itatuwansa suna nan.

Hausa tana da kalmar da ta warware wannan, ita ce hurumi. Asalinta Larabci ne, daga harim, watau kewayen gari ko rijiya ko kogi wanda ba a yarda wani ya mallake shi shi kaɗai ba. A Hausa a kan ce hurumin gari ga filin da aka keɓe don kiwo da amfanin kowa, a wasu wurare kuma makabarta ma hurumi a ke ce mata. Fikihun Malikiyya ya san wannan babi, ya kuma san hima, watau filin da shugaba ya keɓe don amfanin jama'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba mai ita, mai suna Ta'alimur Radi. Ashe ke nan ba sai an aro hujja daga waje ba. Dutse ko kurmi ko kufai ana iya sa shi hurumi saboda ruwansa da itatuwansa da kaburburansa da tarihinsa, liman da sarki da manomi su amince, ba tare da an tayar da maganar abin da kakanni suka yi a wurin ba. Adana wuri dabam, bauta masa dabam. Dutsen Dala yana tsakiyar Kano, kowa ya san labarin Barbushe, ba wanda imaninsa ya raunana saboda dutsen yana tsaye.

Wahala ta biyu ita ce rashin zaman lafiya. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zamfara, hanyar Magami zuwa Ɗansadau da ƙauyukan Tsafe suna cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Ƙauyuka da yawa sun watse, mutanensu suna zaune a Gusau da Tsafe da sauran manyan garuruwa. Watau ana yin sababbin kufai a wannan zamani. Tsohon da ya san iyakar burtali, da kabarin wanda ya sari garin, da sunan kowane tafki, yanzu yana zaune a kangon wani a birni, jikokinsa kuwa ba su taɓa ganin wuraren ba. Ran da aka sami lafiya, ma'aikata za su iso da taswira su tarar da ƙasa ba kowa. Ga kuma sarakunan da suka daɗe suna tafiya: Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya rasu a 2022 bayan shekara 61 bisa gadon sarauta. Amma wannan wahala tana da gefe mai sauƙi. Mutanen da dā sai an yi tafiyar yini a same su, yau suna kusa da makarantu.

7. Abin da doka ta riga ta tanada

Ba a rasa madogara ba. Yarjejeniyar Paris ta 2015, a sashenta na 7, ta ce aikin daidaita rayuwa da sauyin yanayi ya kamata ya dogara, inda ya dace, ga ilmin gargajiya da na 'yan asalin wuri. Hukumar UNESCO tana da yarjejeniyar 1972 ta wuraren gado, wadda Sukur ta shiga ƙarƙashinta a 1999, kurmin Osun na Osogbo kuma a 2005. Tana da ta 2003 ta al'adun da ba a taɓawa da hannu, wadda bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016. A cikin gida akwai Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, mai ikon sa wuri cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Akwai dokar 1992 wadda ta wajabta auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Bankin Duniya kuma yana da ƙa'ida ta 8 cikin ƙa'idodinsa na muhalli da jama'a, wadda ta shafi kayan gado, ta kuma ce in an ci karo da abin tarihi ana cikin tono a dakata a sanar.

Duk waɗannan dokoki abu ɗaya su ke jira, a gaya musu inda wurin ya ke. Mai auna illa ya kan zo na 'yan kwanaki, wani lokaci ba ya jin karin harshen ƙasar. In bai tarar da jeri a rubuce ba, rahotonsa zai fita ba kome a wannan babi.

8. Aikin da ya rage ga malamai

Akwai Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Gusau, akwai ta jiha a Maru. Ɗalibansu 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne. Aikin da a ke bukata bai fi ƙarfin ajin Hausa ba. Kowane ɗalibi ya ɗauki gari ɗaya, ya zauna da tsofaffinsa a inda su ke zaune yanzu, maza da mata, manoma da makiyaya, ya rubuta abu biyar game da kowane wuri: sunansa yadda masu shi ke faɗinsa, da karin sauti da tsawon wasali; irinsa, ko kufai ne ko kurmi ko makabarta ko mashaya; inda ya ke daga wata alama da ba ta gushewa; wanda ke da magana a kansa; da abin da aka hana yi a cikinsa. A ɗauki muryar mai bayani in ya yarda. Kada a gyara masa karin harshensa zuwa na Kano, gama a cikin lafazin ne asalin suna ya kan ɓuya.

Sharaɗi biyu ne tilas. Na ɗaya, kada a tura ɗalibi inda ransa zai shiga haɗari. Abin da aka samu a birni ya isa a fara. Na biyu, ba kowane abu a ke bugawa ba. Ƙasar Zamfara ta sha wuyar masu tonon zinariya, kayan tarihi na ƙasa kuma suna da masu saye a ɓoye. Saboda haka jerin da ke nuna ainihin wuri a ajiye shi a fadar sarki da ɗakin karatu na jami'a da ofishin da ke tsara ayyuka, jama'ar garin kuma su ne za su faɗi abin da za a fitar.

In an yi haka, sa'ad da za a zaɓi wurin madatsa ko gandun itatuwa a ƙasar Magami, hakimi zai zo taron da takarda a hannu, mai ɗauke da sunan kowane kufai da kowane burtali. Kauce wa wuri a kan takarda aikin yini ɗaya ne. Bayan an zuba kankare kuwa, sai dai a ba da labari.